Wace Fitila Ce Ta Dace Da Renon Dashe A Cikin Ɗaki?

A ƙarshen Janairu a nan Mancesta ta Ingila, rana ba ta leƙowa sai wajen ƙarfe takwas na safe, kafin biyar na yamma kuma duhu ya rufa. Tsakanin nan ɗin ma galibi gajimare ne ya lulluɓe sama. Wannan kuwa shi ne lokacin da duk mai son cin attarugun da ya noma da hannunsa zai zuba iri. Attarugu ba ya gaggawa. Irinsa kan yi mako biyu zuwa uku a ƙasa kafin ya tsiro, sannan ba shi da halin fita waje sai ƙarshen Mayu, bayan an tabbatar sanyin da ke daskarar da raɓa ya wuce. Wata huɗu ke nan tsiro yana zaune a ɗaki, kuma a waɗannan watanni babu abin da ya fi yi masa ƙaranci kamar haske.

A Kura na taso, inda damuwar mai renon tumatir ita ce rana ta yi yawa. Mahaifina idan ya yafa iri a fangali sai ya rufe da ciyawa, idan ya tsiro kuma ya kafa masa 'yar rumfar kara don kada zafin azahar ya ƙone shi. A Kano yini bai taɓa gaza awa 11 ba. Don haka da na zo ƙasar nan ban kawo wa raina cewa haske abin saye ba ne. Shekarar farko a bakin taga na jera tire biyu. Iri ya fito kuwa, har na yi murna. Cikin kwana goma sai kowane tsiro ya karkata wajen gilashi, kara siriri kamar zaren ɗinki, fari fat daga ƙasa, da 'yan ganye biyu a can sama. Na riƙa juya tiren safe da yamma, suna juyowa suna ƙara tsayi. Wata safiya na tarar rabinsu sun kwanta a kan ƙasar, kuma ba su sake tashi ba. Ruwa bai gaza ba, taki bai gaza ba, ɗakin da ɗumi. Ɗumin ma shi ya ƙara ɓata lamarin, domin tsiro idan ya sami ɗumi babu haske, sai ya zuba duk ƙarfinsa a miƙa wuya yana neman rana.

Kafin a kwatanta fitilu, akwai abu guda da ya kamata a warware, don a nan ake yi wa mutane wayo. Idonmu ba ma'auni ba ne. Ɗakin da kake gani ya haskaka tar, ga tsiro kusan duhu ne. Hasken ofis mai kyau bai wuce lux 500 ba, rana tsaka kuwa a fili takan kai 100,000. Lumen da lux da ake rubutawa a kwalin ƙwan fitila an auna su ne da idon mutum, wanda ya fi jin kore da rawaya. Abin da ganye ke ci shi ne yawan ɗigon hasken da ke sauka a kansa, tsakanin nanomita 400 da 700 (nanomita shi ne ma'aunin da ke bambanta launukan haske), kuma ma'aunin wannan shi ake kira PPFD. Ba sai ka zurfafa ba, ka riƙe lamba biyu kawai: rana tsaka tana ba da kusan 2,000, ɗan tsiro kuma yana son tsakanin 100 da 300. Idan ka ba shi 200 na tsawon awa 16, ka ninka su biyun sannan ka ninka da 0.0036, za ka sami 11.5. Wannan shi ne abincinsa na yini, kuma tsakanin 10 da 15 ya wadatar da yawancin dashen kayan miya. Bakin tagar Ingila a Fabrairu ba ta kaiwa ko rabin haka.

To, wace fitila ce za ta kai ka wannan lambar, a kan tiren gaba ɗaya, ba tare da ta gasa ganye ko ta cinye maka kuɗin wuta ba?

Tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki, wanda muka sani tun muna yara, a cire shi daga lissafi. Mafi yawan wutar da yake sha zafi take zama, kuma irin jan hasken da yake fitarwa yana ƙara sa tsiro tsayin banza. Haka manyan fitilun sodiyam masu wat 400 ko 600 da ake amfani da su a manyan gidajen gilashi: suna aiki, amma na masu noman kasuwa ne. A ɗakin baƙi ko kusurwar kicin, zafinsu kaɗai ya isa ya busar da tire cikin yini guda.

Dogon ƙwai, wato fulorasen, shi ne ya daɗe yana riƙe da wannan aiki, kuma ban yarda a raina shi ba. Akwai siriri mai suna T5, akwai mai kauri T8. Lambar kaurinsa take nufi: T8 inci ɗaya ne, T5 kuma biyar bisa takwas na inci. T5 mai ƙarfi, mai tsawon ƙafa biyu yana shan wat 24, mai ƙafa huɗu wat 54. Kyawunsa shi ne haskensa shimfiɗaɗɗe ne, yana zuba daidai a tsawon tire, kuma yana fitar da ɗan ɗumi mai daɗi wanda barkono ke so a ɗaki mai sanyi. Amma dole a sauko da shi ƙasa sosai, santimita 5 zuwa 10 daga kan ganye, in ba haka ba an yi ba a yi ba. Yana dushewa a hankali yadda ido ba ya lura, sai dai ka ga dashen bana bai kai na bara ba. Akwai sinadarin makuri, wato zaiba, a cikinsa, don haka idan ya fashe ko ya mutu ba a jefa shi a kwandon shara. Sannan tun daga 2023 aka fara janye shi daga kasuwannin Turai da Ingila, samun na canji sai ƙara wuya yake. Hukuncina a kansa: idan kana da shi a gareji yana aiki, yi amfani da abinka har ya ƙare. Idan yanzu za ka fitar da kuɗi, kada ka sayi sabo.

Sai mu zo kan LED, inda ruɗanin yake, domin suna ɗaya ne amma kaya iri-iri.

Wadda ta fi ɗaukar ido ita ce mai haske shunayya, wadda ke mayar da ɗaki kamar wurin biki. Dalilin yin ta yana da tushe: koren sinadarin ganye ya fi shan ja na wajen nanomita 660 da shuɗi na wajen 450, sai aka ce to a ba shi waɗannan biyun kawai, a huta da sauran. A zamanin da farar LED ke da tsada da rauni, wannan dabara ce. Yanzu zamanin ya wuce. Farar LED ta yau asalinta shuɗiya ce da aka shafa wa wani sinadari mai juya wani ɓangaren hasken zuwa rawaya da ja, kuma ta yi arha ta yi ƙarfi. Shuɗiyar LED ɗin nan ita ce ta sa aka ba masana kimiyya uku, Akasaki da Amano da Nakamura, kyautar Nobel a 2014. An kuma gane cewa ganye yana amfana da koren haske, har ma ya fi ratsawa zuwa ganyen ƙasa. Babban abin da ya raba ni da shunayya kuwa ba kimiyya ba ce, aikin yau da kullum ne. A ƙarƙashinta duk ganye baƙi-baƙi yake. Ba za ka ga ya fara rawaya ba, ba za ka ga ƙananan ƙwarin da suka taru a bayan ganye ba, ba za ka ga fumfunar da ta fara bin saman ƙasa ba. Mai reno da ido yake reno.

A nan ne kuma aka fi yin ƙarya da lambar wat. Na taɓa sayen wata a intanet da aka rubuta mata 1000 da manyan baƙaƙe. Da na jona ta a 'yar mitar da ake maƙalawa a soket, sai na ga ko wat 100 ba ta sha. Lambar suna ce kawai, ba wutar da take ja ba. Ba ta yi wata uku ba 'yar fankar da ke cikinta ta fara ƙara, daga baya ta tsaya. Duk fitilar da za ka saya, nemi inda aka rubuta ainihin wutar da take sha daga bango. Idan mai sayarwa ya ɓoye wannan, ya gaya maka duk abin da kake bukatar sani game da kayansa.

Akwai kuma 'yan ƙananan masu wuya kamar na maciji, waɗanda ake maƙalawa a gefen tebur a jona da wayar USB. Suna da kyan gani, suna da arha, kuma su mutanenmu suka fi saye. Wata Hajiya, uwa ce a gare mu a unguwar nan, ta kira ni a wani Maris. "Ɗana, zo ka duba mini tattasan nan, na saya musu fitila amma sai ƙara lalacewa suke." Na tarar da tire mai gurbi 40 a kan teburin cin abinci, fitilar na can sama kusan kamu biyu, kawunanta uku kowanne ya kalli gabansa. Na ce, "Hajiya, fitilar ba ta yi ƙarya ba, ƙarfinta ke nan. Tukunya ɗaya aka yi ta domin ta, ke kuma kin ba ta arba'in." Muka zaɓi tsiro goma sha biyu da suka fi ƙwari, muka matso da su wuri ɗaya, muka sa littattafai a ƙarƙashin tiren har ganye ya kusa taɓa fitilar, muka jingina farin kwali ta gefe uku don ya mayar da hasken da ke zubewa. Bayan mako biyu sabon ganyen da ya fito ya yi faɗi ya yi duhun kore. Waɗanda muka bari a gefe ba su kai labari ba. Soket ɗin USB na yau da kullum wat 5 zuwa 10 yake bayarwa, kuma babu dabarar da za ta sa wannan ya ciyar da tire guda.

Ƙwan LED guda mai murɗawa, irin na Sansi ko GE da aka yi musamman don shuka, ya fi waɗannan nesa ba kusa ba. Mai wat 24 zuwa 36 yana da ƙarfi ƙwarai. Matsalarsa siffar haskensa ce: da'ira yake yi, tsakiya ta ƙoshi, gefe ya kwana da yunwa, tire kuwa mai kusurwa huɗu ne. Ga wanda ke renon tukunya uku ko huɗu, ko yake son ya tsallakar da tsohuwar bishiyar attarugu ɗaya daga hunturu zuwa bazara, wannan ya wadatar.

Saura biyu, kuma tsakaninsu ne zaɓin gaskiya yake: fararen sandunan LED, da faffaɗan allon LED.

Sandunan siffar dogon ƙwai gare su, sai dai ba su da nauyi, ba sa fashewa, kuma ana jona ɗaya a jikin ɗaya su tafi da soket guda. Barrina na cikin sunayen da aka fi sani, amma ko farar fitilar LED ta gareji mai tsawon ƙafa huɗu tana yin aikin, ko da ba a rubuta mata kalmar shuka ba. Abin da nake amfani da shi yanzu sanduna huɗu ne masu tsawon santimita 60, kowace wat 10, a ɗaure a ƙarƙashin kantar ƙarfe da 'yar sarƙa, a kan fili mai faɗin santimita 60 da 40. Ina ajiye su santimita 10 zuwa 15 daga kan ganye, ina ɗaga sarƙar ƙugiya ɗaya duk bayan 'yan kwanaki. Kowane gurbi a tiren, na tsakiya da na kusurwa, kusan rabo ɗaya yake samu. Wannan daidaiton shi ne abin da na fi daraja. Dashen da ya tashi kai ɗaya ya fi sauƙin ban ruwa, ya fi sauƙin fitarwa, kuma babu wanda ke yi wa ɗan'uwansa inuwa.

Allon kuwa, irin na Spider Farmer ko Mars Hydro mai wat 100 na gaskiya, ya fi sanduna ƙarfi da ingancin juya wuta zuwa haske. Masu kyau a cikinsu suna ba da sama da ninki biyu na abin da fulorasen ke bayarwa a kan kowane wat, kuma galibi suna da maɓallin rage haske. Amma ƙarfin nan yana da sharaɗi. Dole a rataye shi sama, santimita 40 zuwa 60, a kuma rage shi yayin da tsiro ke ƙarami, in ba haka ba ganye ya koɗe ya naɗe gefensa. Wato ba ya shiga tsakanin kanta da kanta, wurinsa daban yake so. Haskensa kuma yana cika ɗaki har ya dami masu gida. Wanda zai more shi shi ne mai niyyar riƙe shuka a ciki har ta yi fure ta yi 'ya'ya, ko mai barkono da yawa da zai yi wata huɗu a tukunya yana girma. Idan reno ne kawai na mako shida zuwa takwas kafin a kai lambu, ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka taɓa buɗewa ba.

Kuɗin wuta ba shi da wuyar lissafi. Wat 40 na awa 16 yunit 0.64 ne a yini, wato kusan yunit 36 a mako takwas. Idan kana biyan peni 25 a kan yunit, fam 9 ke nan. T5 guda huɗu masu wat 24 a kan wannan kantar za su sha yunit 86, sama da fam 21. Cikin 'yan shekaru bambancin zai biya kuɗin sandunan.

Game da launin farin, mutane suna ɓata lokaci a kansa fiye da kima. Za ka ga 3000K, 4000K, 5000K, 6500K. Mafi girman lambar, mafi yawan shuɗi, kuma shuɗi yana sa tsiro ya yi gajere ya yi kauri, shi ya sa nake zaɓar 5000K zuwa 6500K don reno. Amma na ga dashe mai kyau a ƙarƙashin 4000K. Fitila mai ƙarfi a kusa ta fi mai launi daidai a nesa, ko yaushe. Nisa shi ne babban maƙiyi: ƙwai guda idan ka ninka tazararsa, haskensa kan koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Sanduna ba sa faɗuwa da sauri haka, amma suna faɗuwa. Idan kana son ka tabbatar, manhajar waya irin Photone tana ba da ƙiyasi mai amfani. Ko ma'aunin lux na waya ya isa ga farar fitila: ka raba abin da ya nuna da 70, wato lux 14,000 a kan ganye ya kai ka wajen 200. Wannan lissafin ba ya aiki a kan shunayya. Ka auna kusurwa, ba tsakiya kaɗai ba.

Sannan taima, wato 'yar na'urar da ke kunna fitila ta kashe ta a kan lokaci. Ita ce mafi arha a duk kayan, kuma ba na ba kowa shawarar ya fara ba tare da ita ba. Awa 14 zuwa 16 a kunne, sauran a kashe. Kada ka bar fitila dare da rana da tunanin za su fi saurin girma. Tumatir musamman ba ya jure wannan, ganyensa kan yi dabbare-dabbaren rawaya. Ka kunna tun ranar da ka ga kan tsiro na farko ya tsaga ƙasa, domin kwana biyu a duhu sun isa su sa shi miƙewa, kuma tsayin da ya riga ya yi ba ya komawa. Tumatir yana yafe wannan kuskuren, tunda za ka iya binne karansa har wuya ya fitar da sabuwar saiwa. Barkono bai kai shi yafiya ba.

Abu guda da sanduna suka rasa shi ne ɗumi. Attarugu yana son ƙasa ta kai digiri 25 zuwa 30 kafin ya tsiro, kuma LED ba za ta ba shi wannan ba. 'Yar tabarmar ɗumi ta lantarki a ƙarƙashin tire ita ke cike giɓin, a cire ta idan iri ya gama fitowa. Kuɓewa kada a yi mata sammako, mako huɗu kafin fita ya ishe ta, kuma a shuka ta a tukunyarta tun farko don ba ta son a taɓa mata saiwa. Yakuwa tana jin daɗin doguwar fitila: ba ta fure sai yini ya gajarta, don haka awa 16 yana riƙe ta tana ta ba da ganye, wanda dama shi muke nema a nan, tunda zoɓo ba ya samun lokacin nuna kafin sanyi ya dawo. Tunda kuma ruwa da lantarki za su zauna a kanta ɗaya, a ɗaure soket a sama da tire, ba a ƙasa inda ruwa ke ɗiga ba, kuma kada a jona sanduna fiye da adadin da kamfanin ya ƙayyade.

'Yan'uwa daga gida sukan tambaye ni ko su ma su sayi irin wannan. Ga wanda ke Kano ko Zariya ko Maraɗi yana da tsakar gida ko rufin bene, amsata a'a ce. Rana tana ba ka kyauta fiye da ninki uku na abin da nake saye da kuɗi. Ragar inuwa kake bukata a bazara, da farar leda a sama lokacin damina don kada ruwan sama ya tumurmushe reno. Ka duba ma lissafin sola: wat 40 na awa 16 ya cinye duk abin da ya kamata a ja daga batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya 100 a yini guda. Sai dai wanda ke zaune a bene a Abuja ko Legas babu baranda mai samun rana, shi kam hukuncinsa ɗaya da namu.

Don haka idan tukunya uku ce, ƙwai guda mai ƙarfi. Idan har girbi za a yi a ɗaki, allo mai maɓallin ragewa. Idan kuwa tire ɗaya ne zuwa huɗu na tumatir da tattasai da attarugu da za su fita lambu, wanda shi ne halin yawancinmu, fararen sanduna, kusan wat 40 na gaskiya a kan kowane tire biyu, da sarƙa da taima. Nawa na bana na kunna musu ranar da kan farko ya ɓullo. Idan Mayu ta raba tsakiya zan fara fitar da su bayan gida, awa ɗaya a inuwa ranar farko, ina ƙarawa kaɗan-kaɗan har kwana goma, domin ganyen da ya tashi a 200 bai taɓa haɗuwa da 2,000 ba.